Muryar da Na Ara a Wurin Mama

Tun ina 'yar firamare na iya kwaikwayon mutane. In baƙuwa ta zo gidanmu a Romi, kafin ta kai bakin titi na ɗauke muryarta da tafiyarta, har da yadda take gyara ɗankwali. Duk wasan Kirsimeti da aka yi a cocinmu ni ce tsohuwa. A ɗaura mini zane har ƙirji, a shafa mini toka a gira, in fito ina dogara sanda, mata su yi ta dariya har da riƙe ciki. Mama takan ce, “Wannan bakin naki wata rana sai ya jawo mana magana.” Tana faɗa tana dariya, ni ma ina dariya.

Mama tana sayar da busasshiyar citta da barkono da daddawa a kasuwar Sabon Tasha. Da wannan tebur ta riƙe ni tun rasuwar Baba, har na gama jami'a. Ciwon suga ya kama ta ina aji uku a sakandare, kuma tun daga lokacin take shan ƙwayoyi safe da yamma. Tana ajiye su a cikin wani tsohon gwangwanin alewa, tare da 'yar na'urar da ake huda yatsa a gwada jini. Ta tsani gwangwanin nan. Ta tsani yadda ya raba ta da shayi mai zaƙi da lemon kwalba, ya sa ana auna mata tuwo kamar wadda ke kurkuku. Tana da wata ɗabi'a kuma: duk lokacin da za ta faɗi magana mai nauyi sai ta yi ɗan busasshen tari sau biyu, sannan ta fara. In na ji tarin nan na san ko faɗa ne ko addu'a.

Bayan bautar ƙasa na yi shekara uku ina yawo da takardu a cikin fayil. Babu benen da ban hau ba a Kaduna. Daga ƙarshe wata ƙawata ta makaranta ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfani a saman wasu shaguna a Unguwar Boro, ɗaki biyu da sito. Shayin ganye suke sayarwa a koren fakiti: na rage ƙiba, na basir, na hawan jini, na suga. Ranar Lahadin da ta biyo bayan ɗaukata aiki, Mama ta fito gaban coci da rawa ta ba da shaida. Ta ce Ubangiji ya share mata hawaye, 'yarta ta samu aikin kwamfuta.

A cocinmu, bayan waƙoƙi, ana ba duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu dama ya fito ya faɗa a gaban jama'a. Wannan ita ce shaida. Mutum zai iya yi maka ƙarya a kasuwa, ya rage shekarunsa, ya ce yana hanya alhali bai ko shiga wanka ba. Amma ba a ƙarya a shaida. Ba wai an rubuta doka ba ne, kowa dai ya tashi ya tarar ba a yi. Na san wannan sarai, kuma sanin da na yi ne ya sa abin da na aikata ya yi aiki.

Aikina shi ne riƙe shafin kamfanin a dandalin sada zumunta. In ɗauki hoton fakiti kusa da kofi mai tururi, in rubuta 'yan kalmomi masu daɗi, in amsa saƙonnin masu tambaya. A cikin durowar teburina akwai wayoyi huɗu, kowace da sunanta da hotonta. Ɗaya malamar makaranta ce, ɗaya direban babbar mota, ɗaya amarya, ɗaya ɗan fansho. Duk ni ce. In na saka talla da wayar kamfani, sai in bi da su ɗaya bayan ɗaya ina yaba kaya, malama ta ce ta rage ƙiba, direba ya ce basir ya bar shi. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba a lokacin. Na ɗauke shi kamar mai tsire da ke fifita wuta don ƙamshi ya kai titi.

Na kuma san abin da ke cikin shayin, don a gabana ake durawa. Zogale ne da citta da wasu ganyaye biyu da ake busarwa a niƙa. Ba ya kisa, ba ya warkarwa. Shi ya sa ko sau ɗaya ban taɓa kai wa Mama na suga ba, ban ma taɓa gaya mata muna da shi ba. A can ƙasan fakitin an rubuta da Turanci cewa wannan ba ya maye gurbin maganin likita. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ni da idona yake garau sai na matsa kusa da taga nake karanta shi.

Mai kamfanin mace ce, Madam muke ce mata. Ba muguwa ba ce a fuska, ta iya tambayar lafiyar mutum, ranar haihuwarka ma ta sayo kek. Wata Talata ta leƙa sito ta ga katan-katan na shayin suga jibge ba sa motsi, ta dawo ta tsaya a kaina.

“Ke, ba ke ce kike kwaikwayon mai gadi jiya ba?” in ji ta. “Mutanenmu ba sa karatu, saurare suke yi. Masu suga kuma tsofaffi ne. Ki yi mana tsohuwa ɗaya, ta ba da shaida da bakinta.”

Na shiga sito na rufe ƙofa, na kashe fanka don kada ƙara ta shiga. Na naɗi muryar a waya sau uku ina gogewa, duk sun fito kamar wasan Kirsimeti, ko yaro zai gane wasa ne. A na huɗu sai na rufe ido na tuna Mama. Na yi tarin nan sau biyu. Na ce, “Yabo ga Ubangiji. Ni da kuke jin muryata, shekara tara ina fama.” Daga nan maganar ta yi ta zuwa da kanta. Na faɗi ƙishirwar da ba ta jin ruwa, da yawan fitsari, da yadda tururuwa ke taruwa a bayan gida har mutum ya ji kunyar 'ya'yansa. Na faɗi yadda tafin ƙafa ke yi kamar an shafa barkono. Na faɗi yadda ake zuwa biki a ga ana raba lemo a kau da kai. Babu abin da na ƙirƙira a cikin waɗannan, duk a gidanmu na gan su. Warakar kawai na ƙara.

Madam ta saurara, ta dafe ƙirji. “Kai! Har na ji tsigar jikina ta tashi. Saura abu ɗaya. Ki ce kin ajiye maganin asibiti.”

“Madam, wannan bai yi yawa ba?”

“Haba, wa zai bar maganinsa saboda murya a waya? Kuma ai mun rubuta a jikin fakiti.”

Iyakar gardamar da na yi ke nan, tambaya ɗaya tak. Ina so in ce na yi faɗa, na buga tebur, an tilasta mini. Ba a tilasta mini ba. Na koma sito na kashe fanka, na ƙara da cewa, “Yau wata uku rabona da ƙwayar asibiti, na zubar da su, ga ni garau.” Har da 'yar dariyar farin ciki na sa a ƙarshe, don ni ba na yin aiki rabi da rabi.

Muna da wakilai, mata da maza da ke karɓar kaya suna sayarwa a unguwanninsu. Aka tura musu muryar, su kuma suka watsa ta a guruf-guruf na coci da na dangi da na 'yan kasuwa. Kafin mako uku sito ya zama wayam. Madam ta saya mini shinkafa da cinyar kaza, na cinye tas har na tauna ƙashin. Ina alfahari da kaina ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Damina ta shigo. Ina fita da safe ina dawowa da yamma, a Keke Napep ma idona yana kan waya, a gida ma haka. Na ga Mama tana yawan zuwa randa, na ce zafi ne. Na ga zanenta ya ƙara ninki a ƙugu, na ce zirga-zirgar kasuwa ce. Ita kuwa sai fara'a take, tana waƙa tana tsince barkono, wani lokaci ta dube ni ta yi murmushi kamar mai ɓoye kyauta. Mutumin da ke amsa saƙon baƙi ɗari a rana, ban iya tambayar uwata abin da take yi wa murmushi ba.

Wata Asabar da hantsi ina share ɗakinta, tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Kular abinci ce da ba ma amfani da ita. Na buɗe. Katin ƙwayoyinta ne cike, ko ɗaya ba a ɓalle ba, na wata biyu ko fiye. Ashe tana zuwa asibiti ta karɓo don kada in gane, ta zo ta zuba a nan. A ƙarƙashinsu ga na'urar gwajin, ga kuma korayen fakiti uku, biyu babu komai a ciki. Na zauna daɓas a ƙasa da tsintsiya a hannu.

Na fito tsakar gida da kular. Mama tana zaune a kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafar hagu, ta ɗaure yatsun da tsumma.

“Mama, mene ne wannan?”

Ta yi dariya. “Kin ɓata mini shiri. So nake sai na cika wata uku in fito gaban jama'a, ki ji tare da kowa.” Sai ta ɗan ɓata rai. “Amma ke ma ba ki kyauta ba. Ashe maganin yana wurin aikinku. Hoton ganyen da ke jikin rigarki ta ofis na gani a fakitin, shi ne na gane. Kina kallona ina haɗiyar ƙwaya kamar kaza, ba ki ce komai ba. Na ce ƙila tsadarsa kike ji mini, shi ya sa ban tambaye ki ba, na saya a hannun matar dattijo.”

Matar dattijon coci wakiliyarmu ce, ni da hannuna na rubuta sunanta a jerin wakilai.

“Mama, ba magani ba ne. Zogale ne da citta. Irin cittar da ke kan teburinki.”

“To citta ba Ubangiji ya halicce ta ba?” Ta kwance bakin zane ta ciro wayarta. “Tsaya ki ji wata baiwar Allah. Duk abin da nake ji a jikina ta faɗa, har tururuwa. Daga ji 'yar wajenmu ce.”

Ta danna. Tari sau biyu, sannan muryata ta cika tsakar gidanmu tana yabon Ubangiji. Mama tana gyaɗa kai, leɓenta yana bin kalmomin. Ta haddace ta.

“Ƙarya ce, Mama. Matar nan babu ita.”

“Rufe mini baki! Shaida ce fa. Wa zai kira sunan Ubangiji ya yi ƙarya a shaida?”

“Ni ce. Ni na yi ta a sito, a ofis.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa, sai ta tuntsire da dariya. “Ke? Matar nan ta girme ni.”

Na ce ta saurara in yi mata. Na buɗe baki, amma kuka ya riga ni. Abin da ya fito wata 'yar siririyar murya ce mai rawa, ba ta tsohuwa ba, ba tawa ba. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni. Baiwar da na yi shekara ashirin ina ba mutane dariya da ita, ranar da nake neman ta da gaske ta ƙi zuwa. Dariyar Mama ta ɗauke. Ta ce in ba na son ta warke in fito fili in faɗa, amma kada in ƙara yi wa aikin Ubangiji ba'a a gidanta.

Na durƙusa na roƙe ta ta bari in gwada jininta. Ta ce wanda ya ba da gaskiya ba ya gwaji. Na tambayi ƙafar, ta ce igiyar silifa ce ta ɗan goge ta a caɓin kasuwa, mako biyu ke nan, tana ɗora tukar shayin a kai. Na kai hannu zan kwance tsumman ta buge mini hannu. Amma na riga na ji warin.

Ranar Lahadi na bi ta da ƙwaya da kofin ruwa daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa bakin ƙofa. Na yi lallashi, na yi ihu, na ce zan bar mata gidan. Na murƙushe ƙwaya biyu na zuba mata a miya, ta ɗanɗana ta ji ɗaci, ta ture kwanon ta wuni ba ta ci komai ba. Kamar in yi hauka. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Litinin da sassafe ina ofis kafin mai gadi ya gama shara. Da Madam ta iso na gaya mata komai. Ta ce ayya, ta ce sannu, ta ce in ɗauki hutun kwana biyu. Na ce ba hutu nake so ba, so nake mu fito a shafinmu mu ce muryar nan shiri ce, duk wanda ya bar maganinsa ya koma.

“Mu goge ta dai,” in ji ta. “Amma sanarwa? Kina so a rufe mu? Mutum nawa ke ci a nan?”

“Gogewa ba za ta yi komai ba, Madam. Tana cikin wayoyin mutane.”

Ta ɗauko fakiti ta nuna mini ƙananan rubutun da farcenta mai jan fenti. “Mu mun faɗa. Mu muka ce wa mamanki ta bar magani?”

“Ni na ce mata. Ke kika sa ni.”

“To kin ga, ke kika ce.”

Na koma teburina. Na ɗauki wayar kamfani na rubuta gaskiyar a shafin, da Hausa da Turanci, da manyan baƙaƙe. Ba ta yi awa ɗaya ba aka cire ta, aka canza mabuɗin shafin, aka ce in ajiye waya in sauka. Na sake rubutawa a nawa shafin, na tura wa duk guruf ɗin da nake ciki. Mutum shida suka nuna sun gani. Babu wanda ya tura ta gaba, don babu wanda ke jin daɗin tura wa 'yar'uwarsa labarin cewa ba za ta warke ba. Kafin yamma malamar makaranta da direban babbar mota sun bayyana a ƙarƙashin rubutuna, suna cewa korarriyar ma'aikaciya ce, baƙin ciki ke damunta, su kam sun sha sun warke. Wani ya buɗe durowata. Har kuskuren rubutun da nake sa wa direba don ya yi kama da gaske, an sa.

Ranar Laraba Mama ta ce ba za ta jira wata uku ba. Tunda Shaiɗan ya fara shigowa ta cikin gida, gobe za ta ba da shaidarta a taron zumuntar mata. A lokacin ba ta iya taka ƙafar sosai, sai da gefe.

Zumuntar matan cocinmu suna haɗuwa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. Matan aure ne da waɗanda mazansu suka rasu, ni ba ni da gurbi a ciki. Na bi ta a baya duk da haka, na zauna a bencin ƙarshe. Mata kusan arba'in cikin zane iri ɗaya, ana buga tulu ana kaɗa caki. Waɗannan matan su suka yi mini wanka ina jaririya, su suka yi girki ranar jana'izar Baba. Ina zaune ina lissafin abin da zan yi wa uwata a gabansu.

Shugabar ta ce mai shaida ta fito. Mama ta miƙe tana dafa benci, koren fakiti a hannunta. Ta kai gaba, ta juyo, ta ɗaga fakitin sama. Kafin ta buɗe baki na rufe idona, na yi tari sau biyu.

“Yabo ga Ubangiji. Ni da kuke jin muryata, shekara tara ina fama.”

Wannan karon ta zo. Ta zo cif, kamar a sito. Kawuna suka juyo ana neman tsohuwar, don duk sun san ta. Na miƙe tsaye don su ga bakin da take fitowa. Na bi ta tiryan-tiryan, ƙishirwa, tururuwa, barkono a tafin ƙafa, lemon biki. Wata mata ta ciro waya ta kunna, muka tafi tare ni da wayar, inda ta ja numfashi na ja, inda ta tsaya na tsaya. Na kai wurin zubar da ƙwayoyi, na yi 'yar dariyar nan ta ƙarshe, hawaye yana shiga mini baki. Sannan na ce da muryata, “Ni ce. Babu wata mata. Babu wanda ya warke. Duk wadda ta bar maganinta, don Allah ta koma yau.”

Yayyafi yana ƙara a kan kwanon cocin. Matar dattijo ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce, “Yesu! Har ƙanwata na ba.” Wata ta ce ita ma ta bari, wata ta ce mijinta. Mutum uku a ɗaki ɗaya, ban da Mama. Ban san adadin ɗakunan da muryar ta shiga ba, har yau ban sani ba.

Mama ta sauke hannunta a hankali, ta ajiye fakitin a kan teburin shugaba, ta ɗingisa ta fita. Na bi ta da lema, ta ƙi shiga. Da muka isa gida ta buɗe kular da kanta, ta ɓalli ƙwaya biyu ta haɗiye ba ruwa. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Gobe ki kai ni asibiti.”

Da likita ya kwance tsumman, nas ɗin da ke gefensa ta kau da kai. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ya gwada jinin, ya dubi lambar, ya dube ni.

“Tun yaushe ta bar magani? Wa ya ce ta bari?”

Na buɗe baki, Mama ta riga ni. “Wata mata ce, likita. Ba ka san ta ba.”

Da ta tona mini asiri a wurin da ya fi mini sauƙi. Aka yanke yatsun biyu, bayan kwana takwas aka koma aka ƙara da na uku da wani sashe na tafin. Likita ya ce mu gode da abin ya tsaya a nan. Na san Mama ba za ta ƙara tsayuwar wuni a bakin teburinta na Sabon Tasha ba, ita ma ta sani, babu wanda ya furta.

Mun yi makonni a ɗakin mata. Ni ke yi mata wanka, ni ke kai fo, ni ke auna tuwo. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini gori ba. Maganarta da ni ba ta wuce “ruwa” da “ɗaga ni” ba. Matan zumunta suna zuwa da ayaba da addu'a, su gaishe ni a taƙaice. In sun tafi ta juya fuskarta bango. Na nemi gafara har na gaji da jin bakina, takan ce, “Na ji.” Na fara tunanin haka za mu ƙare, ni da ita, a gida ɗaya.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata dattijuwa daga Tudun Wada, Hajiya muke ce mata, ita ma suga ce ta kwantar da ita. Mutuniyar kirki, kullum sai ta miƙo wa Mama goro ko da ta san ba za ta ci ba. Wata Juma'a da la'asar, lokacin ziyara, 'yarta ta zo da wata maƙwabciyarsu. Suka gaisa da mu, suka zauna a bakin gadon. Ina matse tawul a cikin roba sai na ji maƙwabciyar tana cewa, “Hajiya, ki saurari wannan. Kirista ce, amma wallahi duk abin da kike ji ta faɗa. In an sallame ki sai mu nemo miki.”

Tari sau biyu. Yabo ga Ubangiji.

Tawul ya suɓuce mini ya faɗa ruwa. Na sunkuyar da kai. Na gaji. Ina so ƙasa ta buɗe, ina so wani ya yi wannan karon ba ni ba. Hajiya ta karkata kunne, 'yarta ta riga ta ciro biro tana neman inda za ta rubuta lamba.

“Ke.”

Mama ce. Ta juyo daga bango, ta dafa katifa ta ɗaga kanta. Rabon da ta dube ni cikin ido tun ranar Asabar ɗin kula.

“Tashi ki yi musu.”

Na miƙe, hannuna yana ɗigar ruwa. Na je bakin gadon Hajiya na ce su yi haƙuri su kashe wayar, akwai abin da zan nuna musu. Suka dube ni da mamaki. Na rufe ido na ja numfashi, na fara, “Yabo ga…”

“A'a,” in ji Mama daga bayana. “Daga farko. Ki yi har da tarin, in ba haka ba ba za su yarda ba.” Ta koma ta kwanta, ta ja zane ta rufe ƙafar. “Nawa ne ai. Tun ranar farko ya kamata in gane shi.”

Na yi tarin sau biyu, na fara.